Ɗana ya cire kuɗi a asusuna saboda gem, mahaifinsa ya ce sai makarantar kwana

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata uwa da ke zaune a Tudun Wadan Zariya. Ga taƙaitaccen abin da ta rubuto:

"Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 13, shi ne na fari, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Bara ƙanena ya ba shi tsohuwar wayarsa, tun daga nan ba shi da zance sai na gem, wani wasan harbe-harbe da yake yi da abokansa ta intanet. Idan wayar ba caji sai ya sulale gidan gem da ke bayan layinmu. Malamin Islamiyyarsu ya aiko cewa haddarsa ta tsaya, a boko kuma an ce gyangyaɗi yake yi a aji. Nakan farka cikin dare in tarar ya lulluɓa da bargo yana bugawa. Makon jiya na ga an cire naira dubu shida a asusuna, da na matsa masa ya amsa cewa shi ne ya sayi wani abu a cikin wasan. Mahaifinsa ya zane shi, ya ce zai fasa wayar ya kuma kai shi makarantar kwana. Mu da muka tashi a cikin birni gaɗa da carafke muka sani, yayyenmu maza kuma langa. Ƙannensa, mai shekara 9 da mai shekara 4, su ma sun fara leƙe. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴar'uwa, Allah ya sanyaya miki, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarki shi ne ɓacin rai ya sa ke da maigida kun haɗa abubuwa daban-daban wuri guda, kuna neman hukunci ɗaya da zai warware su duka. Ɗaukar kuɗinki ba da izini ba laifi ne mai zaman kansa, kuma yana da nasa hukuncin. Hana ido barci da tsayawar hadda matsala ce ta tsarin lokaci, wadda gyaranta yake hannunku ku manya. Son wasa kuwa, a wurin yaro mai shekara 13, babu aibu a cikinsa, kuma duk matakin da kuka gina a kan cewa wasan kansa shi ne abokin gaba, zai ƙara nisanta ku da yaron ne kawai.

Kin ambaci gaɗa da carafke da langa, kuma a nan ne bakin zaren yake. Ki tuna yadda unguwannin cikin birni suke a wancan lokaci, daga Kwarbai har zuwa Ƙofar Doka. Da an idar da sallar isha'i an ci tuwo, idan akwai farin wata, kowace ƙofar gida sai ta cika. Ƴanmata sun jeru suna tafi da waƙa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tallabe ta su cilla. Samari can gefe kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna, ana kare wanda aka naɗa ruwa har ya isa inda zai sha. Yaran nan ba su fi ɗanki natsuwa ba, da an ƙyale su da a waje za su kwana. Abin da ya raba su da shi shi ne wasansu yana da ƙarshen da ba su ne suke yanke shi ba. Wata zai faɗi, ƙafa za ta gaji, wani dattijo zai leƙo daga zaure ya ce a watse, uwa za ta aiko a kira ɗanta, kuma da mutum uku sun tafi wasa ya mutu. Tashe ma, duk daɗinsa, sai azumi ya kwana goma ake farawa, kafin salla an ajiye shi sai baɗi.

To, ina dandalin yake a yau? Filayen da ake taruwa an yanka su fuloti, an gina shaguna. Layin da a da yaro zai gara taya daga farko har ƙarshe, yanzu babura da keke napep ne suke rige-rige a cikinsa. Labaran satar yara da garkuwa da mutane sun sa da magariba ta yi kowa ya tattara nasa ya kulle ƙofa, kuma ba na ganin laifin wata uwa a kan haka. Ki dubi yinin ɗanki ma: boko tun da sassafe har bayan azahar, Islamiyya bayan la'asar, aikin gida da daddare, Asabar da Lahadi kuma hadda. Mun rufe masa waje bisa dalilai masu kyau, amma buƙatarsa ta ya yi gasa da tsaransa, ya ci, a ci shi, a san shi da gwaninta a kan wani abu, tana nan inda take. Abokansa da ya kamata ya tarar a ƙofar gida, a cikin wayar nan yake tarar da su. Idan kin ji yana ɗaga murya yana cewa wane ka zo ka tashe ni, wato an harbe shi a cikin wasan yana neman a farfaɗo da shi, da ɗan ajinsu yake magana, wanda shi ma aka kulle a gidansu a Gyallesu ko Sabon Gari.

Wasan na'ura kansa ba baƙo ba ne a garin nan. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, manya da yara sun sha wasan macijin nan na wayar Nokia. Gidajen gem ma sun daɗe: talabijin ɗaya ko biyu, PlayStation 2 wadda kamfanin Sony ya fitar a 2000, benci, da janareto a bakin ƙofa. Yara biyu su biya kuɗin wasan ƙwallo guda, wanda aka ci ya tashi ya ba wani. Wannan ma yana da iyaka, domin kuɗin aljihu zai ƙare, ko a ɗauke wuta, ko mai shago ya rufe. Irin wasan da ɗanki yake yi ya bambanta da wannan ƙwarai, kuma ina so ki fahimci yadda aka gina shi, domin sai kin san haka za ki daina ɗaukar cewa taurin kai ne kawai.

Ba ki faɗi sunan wasan ba, amma irinsu da suka fi yawa a wayoyin yara su ne Free Fire, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019. A Free Fire, misali, ana sauke ƴan wasa 50 a kan tsibiri, filin yana ta ƙanƙancewa, har a sami wanda ya rage ko ƙungiyar da ta rage, cikin kimanin minti goma. Sau da yawa yara huɗu ne suke haɗa ƙungiya suna magana da juna kai tsaye. Ba a iya dakatar da zagaye a tsakiya, domin sauran mutanen da ke ciki ba za su jira ba. Saboda haka idan kin kira shi ya ce "ina zuwa, Umma" ya kuma ƙi tasowa, abin da yake gani shi ne in ya ajiye wayar ya yi watsi da abokansa uku a tsakiyar fafatawa, matsayinsa kuma zai sauka, gobe a makaranta a yi masa gori. Da zagaye ya ƙare, maɓallin fara wani yana nan a gabansa. Akwai kyautar da ake ba wanda ya shiga kullum, akwai gasar da ke da wa'adi, duk don kada yaro ya tsallake rana guda.

Saukar da waɗannan wasanni kyauta ne, kamfanonin kuma suna samun kuɗinsu ta hanyar sayar da kayan ado a ciki: tufafin ɗan wasa, fentin bindiga, salon rawa. Ana sayen su da kuɗin cikin wasa, wanda a wasu wasannin ake kira daimon, shi kuma da naira ta gaske ake sayensa. Yaron da ba shi da waɗannan kaya, tsaransa sun san bai taɓa sa ko sisi ba, kuma a shekarunsa wannan abin kunya ne mai zafi. Mafi muni shi ne akwatunan sa'a, inda yaro zai biya bai san abin da zai fito masa ba, in bai dace ba ya sake biya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ce. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka, kan zargin keta dokar sirrin yara da kuma tsara maɓallai ta yadda mutane suke sayen abin da ba su yi niyya ba. Ƙasar Sin kuwa, a watan Agusta na 2021, ta taƙaita wa duk wanda bai kai shekara 18 ba wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Idan gwamnatoci sun ga sai sun sa hannu, bai kamata a bar yaro ɗan aji biyu ya yi kokawa da abin shi kaɗai a ƙarƙashin bargo ba. Ƙarshen wasa da faɗuwar wata da tsawar dattijo suke yankewa a da, yanzu babu mai yanke shi sai ke da mahaifinsa.

Game da dubu shidan nan, kada fahimtar abin da ya ja shi ta sa ki sassauta sunan abin da ya aikata. Ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma a gaya masa haka a fili, amma a ɗaki, ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba. Ya biya kuɗin gaba ɗaya, ko ta hanyar rage masa kuɗin tara na makaranta kaɗan-kaɗan, ko ta wani aiki da za a yi masa lissafinsa duk mako, kuma a rubuta a takarda yana gani yadda bashin yake raguwa. Bulala ta riga ta wuce, zafinta na kwana biyu ne, amma yaron da ya ɗauki makonni yana biyan bashi zai san nauyin dubu shida. Ki kuma yaba masa a kan abu ɗaya, cewa da kika tambaye shi ya amsa, domin in ya ga gaskiya ba ta jawo masa komai ba sai duka, nan gaba rantsuwa zai yi. A yau ɗin nan ki canza lambar sirrin katinki da ta manhajar banki, ki goge katin daga duk wayar da aka ajiye shi, ki kuma daina aiken sa wurin mai POS da katinki har zuwa wani lokaci.

Fasa wayar kuwa ban goyi baya ba. Ranar da aka fasa ta, gidan gem zai koma gaba ɗaya, ko ya riƙa aron wayar wani babban yaro, kuma can ba ki san da wa yake zama ba. Masu gidajen gem da yawa sana'arsu suke yi tsakani da Allah, amma wuri ne da ɗan shekara 13 yake cakuɗuwa da ɗan shekara 20, wani lokaci ana sa kuɗi a kan wanda zai ci, kuma daga nan zuwa shagon cacar ƙwallo babu nisa. Wayar da take hannunki kina iya sa mata doka. Haka ma makarantar kwana: in kun zaɓe ta saboda karatu, bayan shawara, alheri ce, Zariya kuma ba ta rasa makarantu masu tarihi ba. Amma yaron da aka kai cikin fushi kora zai ɗauke ta, kuma zai dawo hutu da ƙishirwar abin da aka raba shi da shi. Ki sami maigida a lokacin da ransa ya huce, ki fara da nuna masa cewa fushinsa yana kan hanya, sannan ki roƙe shi a gwada wani tsari na zangon karatu ɗaya kafin a yanke maganar makaranta. Dole ne bakinku ya zama ɗaya, domin in ɗayanku ya hana ɗayan ya ba da a ɓoye, yaron zai koyi bi ta tsakaninku.

Abin da za a fara gyarawa shi ne barci, don gyangyaɗin aji da tsayawar hadda duk daga nan suka taso. Masana barci suna cewa yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare, kuma wanda zai tashi sallar asuba, lissafin ya nuna ba zai wuce ƙarfe tara da rabi bai kwanta ba. Saboda haka wayar a ɗakinku za ta riƙa kwana, daga sallar isha'i, kowace rana, har da lokacin hutu. A kan wannan babu ciniki. Sauran kuwa ku zauna da shi a yi ciniki na gaske: waɗanne ranaku, bayan wane aiki, kuma zagaye nawa. Na fi son a ƙidaya da zagaye maimakon minti, saboda dalilin da na faɗa a baya. Yaron da aka ce masa wannan ne na ƙarshe kafin ya fara, ya fi sauƙin ajiyewa a kan wanda aka fizge wa waya yana tsakiya. Idan wayar Android ce, akwai manhajar Google Family Link, kyauta ce, tana rufe wayar a lokacin da kuka sa mata, tana kuma hana sauke sabon wasa sai da izininku. Ƙanenki da ya ba da wayar shi ya fi dacewa ya zo ya saita ta, a gaban yaron, ya kuma gaya masa da bakinsa cewa kyautar tana da sharaɗi. Sannan ku duba naku hannun, domin dokar ajiye waya a lokacin cin abinci ba za ta zauna ba in manya suna cin tuwo da hannu ɗaya suna latsa waya da ɗayan.

Akwai wani abu da ba ki faɗa ba amma na hango shi. Kin ce ɗan fari ne, kuma na san kunyar ɗan fari a gidajenmu, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama hira da shi. Al'ada ce mai kyawun asali, ta yi aiki a lokacin da yaro yake tashi a babban gida, da kaka da gwaggo da baffa suna jan sa a jiki. A gidan da babu kowa sai ke da mahaifinsa da yara, in kin ja baya babu wanda zai cike gurbin. Ina roƙonki ki zauna kusa da shi wata Asabar ki ce ya nuna miki yadda ake wasan. Ki tambaye shi su wane ne a ƙungiyarsa, ƴaƴan wane gida ne, akwai wanda bai taɓa gani ido da ido ba? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin waɗannan wasanni suna haɗa yaro da baƙi manya daga ko'ina. Ya san cewa ba a ba kowa hoto, ko lambar waya, ko kwatancen gida da makaranta, kuma duk wanda ya yi masa alkawarin daimon kyauta in ya turo wata lamba, ɗan damfara ne. In zaman ya yi miki nauyi da farko, ki sa ƙanwarki ko kawun nasa su fara, ke kina wurin.

Duk awar da kuka karɓe daga waya, sai kun mayar masa da wani abu a madadinta, in ba haka ba zama zai yi yana kallon bango yana ƙirga lokacin da za a ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Ku nemi filin makaranta mafi kusa inda ake ƙwallo da yamma ƙarƙashin kulawar babba. Ki tuntuɓi iyayen abokan nan uku, domin tabbas suna fama da irin abin da kike fama da shi. In gida huɗu suka sa lokaci ɗaya, babu yaron da zai ji shi kaɗai aka takura, kuma ana iya haɗa su ranar Asabar a tsakar gidan ɗayanku. Ku riƙa kai shi cikin birni wurin kakanninsa, a samu dattijon da zai koya masa dara, ramuka 30 da ƴaƴa goma sha biyu-biyu, wadda take buƙatar irin dabarar da yake taƙama da ita a waya. In hankalinsa ya fi karkata ga na'ura, a lokacin hutu a haɗa shi da amintaccen mai gyaran waya, ko a nuna masa Scratch, manhajar kyauta da yara suke koyon haɗa ƙananan wasanni da kansu. A garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello, yaro mai son kwamfuta bai rasa wanda zai yi koyi da shi ba. Malamin Islamiyya kuma a je a same shi, a roƙe shi ya rage masa yawan abin da ake ɗora masa na ɗan lokaci, har ya kamo inda ya tsaya.

Ƙannen nasa sun fi sauƙi tunda ba su saba ba. Mai shekara 9 ba ya buƙatar wayar kansa, mai shekara 4 kuma, bisa shawarar hukumar lafiyar ta 2019, kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

Ki sa rai makonni biyu ko uku na farko za su yi wuya. Zai yi fushi, zai kumbura, mai yiwuwa ya gwada satar hanya, kuma wannan ba ya nufin tsarin ya gaza. Abin da kika bayyana bai kai a kira shi cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, amma ta ɗaure ta da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a bisa al'ada hakan ya ɗauki aƙalla wata 12. Kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Amma in zango ya wuce kuna kan tsarin, sai kika ga ya daina cin abinci yadda ya saba, ya ƙaurace wa abokansa na zahiri, yana ƙin zuwa makaranta, ya sake ɗaukar kuɗi, ko yana furta maganar cutar da kansa, kada ku jira. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wani lokaci damuwa ce ko tsangwama a makaranta take sa yaro ya ɓuya a cikin wasa. In ta kai ga haka ku tafi tare da mahaifinsa, ku kuma gaya wa yaron tun daga gida inda za ku da dalilin zuwan.